Kufaifan daular Zamfara: abin da mai ziyara ya kamata ya sani

Tun daga shekara ta 2010 ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, da ke yammacin jihar Zamfara a Najeriya, sun fi yin suna a kafofin yaɗa labarai saboda gubar dalma da haƙar zinariya da kuma hare-haren 'yan bindiga. Amma ga masana tarihi wannan yanki na da wani matsayi na dabam, domin a nan ne gidan sarautar Zamfara, ɗaya daga cikin tsofaffin daulolin ƙasar Hausa, ya samu matsuguni na ƙarshe bayan ya shafe shekaru kusan sittin yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan.

Kowane gari da sarakunan suka baro ya bar alama a ƙasa, ko dai ragowar ganuwa, ko kusheyi, ko rijiyoyin rini da suka cike. Akasarinsu da jar ƙasa aka gina su, kuma kowace damina tana tafiya da wani abu daga cikinsu. Wannan bayani ya duba inda waɗannan kufaifai suke, da abin da mai ziyara zai iya gani, da kuma abubuwan da suka sa ziyarar ta yi wuya.

Daula mai hedkwata da yawa

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya sani shi ne, babu wani wuri guda da za a nuna masa a ce nan ne tsohon birnin Zamfara, ya gani ya juya gida. Fadar mulkin daular ta sauya mazauni sau da dama, kuma wuraren sun warwatsu a tsakanin jihohin Zamfara da Sakkwato na yanzu.

Bisa ga labaran gargajiya, sarakunan farko sun zauna ne a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, kuma Dakka shi ne na farko a jerin sunayensu. Labaran sun ce waɗannan sarakuna ƙatta ne irin Samudawa, ana kuma danganta wasu manyan kaburbura da ke Dutsi da su. Haka nan a cikin jerin akwai mace, wato Sarauniya 'Yargoje, wadda aka ce ta yi shekaru arba'in tana mulki.

Daga Dutsi fadar ta koma Birnin Zamfara, a yankin Isa da Sabon Birni da ke gabashin jihar Sakkwato ta yau. Wannan shi ne birni mafi girma da daular ta taɓa yi, har ma masu ba da labari na cewa ƙofofinsa sun kai hamsin. A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 ne Zamfara ta kai ƙololuwar ƙarfinta, lokacin da ta haɗa kai da Gobir da Asbin aka karya lagon daular Kabi.

Sai dai a wannan zamani ne kuma Gobirawa, waɗanda Abzinawa suka matsa wa lamba a arewa, suka riƙa kwararowa kudu suna neman wurin zama. An ce an ba su izinin sauka a gonakin Alƙalin Zamfara, kuma daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. Baƙin sun yi ƙarfi a hankali, har a wajejen shekara ta 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya mayar da Alƙalawa hedkwatar Gobir. Sarkin Zamfara Maroƙi ya tsere zuwa Kiyawa, kusa da Ƙauran Namoda ta yanzu, inda har yau ake ambaton ragowar ganuwar garin a cikin wuraren tarihi na jihar.

Alƙalawa ita ma ba ta daɗe ba. A watan Oktoba na shekara ta 1808 rundunar masu jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, daga bisani kuma gidan sarautar Gobir ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi. Ke nan wanda ya je yankin Sabon Birni zai tarar da kufaifan manyan birane biyu a kusa da juna, wanda aka ci da wanda ya ci shi.

Bayan Kiyawa, Zamfarawa sun zauna a wasu garuruwa, ciki har da Sabon Gari a yankin Bakura. A nan ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka yada zango a farkon shekara ta 1805, zamanin Sarkin Zamfara Abarshi, bayan mummunar asarar da suka yi a yaƙin Tsuntsuwa. Shehu dai ba baƙo ba ne a Zamfara, domin tun kafin jihadi ya yi kimanin shekaru biyar yana wa'azi a ƙasar. Amma ƙawancen bai ɗore ba, kuma ya zuwa ƙarshen wannan shekara da yawa daga cikin garuruwan Zamfara sun juya wa masu jihadi baya. A zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, gidan sarautar ya zauna a Anka, inda yake har yanzu.

Anka, inda ya kamata a fara

Ko da yake Gusau ce hedkwatar jihar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro ranar 1 ga watan Oktoba na 1996, Gusau gari ne na zamanin jihadi, kuma sarautarsa ita ce Sarkin Katsinan Gusau. Mai riƙe da sarautar Sarkin Zamfara yana Anka, kuma shi ne ke shugabantar majalisar sarakunan jihar.

Muhimmancin Anka ga mai ziyara ya fi ƙarfi ta fuskar mutane a kan gine-gine. A fada ne ake adana jerin sunayen sarakuna tun daga Dutsi, kuma a bakin makaɗan fada da maroƙa da dattawan gidajen sarauta ake jin wane sarki ya zauna a wane gari, da dalilin tashinsa. Wanda ya isa kufan Birnin Zamfara ko na Kiyawa ba tare da wannan sani ba, ba zai ga komai ba sai tudu da gonakin gero. Hatta sunayen mazaɓun garin, irin su Galadima da Magaji da Ɗangaladima, sunayen sarautu ne da ke nuna yadda aka tsara tsohuwar fada.

Masu bincike sun daɗe da fahimtar haka. A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe masanin al'adu mai suna Kurt Krieger ya zauna a Anka, ya tattara labaran sarakuna da kayan sana'o'i, ya kuma ɗauki kaɗe-kaɗen garin a faifai, sannan a 1959 ya buga littafin tarihin Zamfara da Jamusanci a Berlin. A shekara ta 1977 kuma Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan tasowar daular Zamfara da rushewarta. Waɗannan ayyuka biyu na daga cikin ginshiƙan abin da aka rubuta game da daular, kuma dukkansu sun dogara ƙwarai a kan abin da dattawa suka faɗa.

Gummi da Bukkuyum, zangon fatake

Daga Anka hanya na bin kwarin Gulbin Zamfara zuwa yamma, ta ratsa Ɗaki Takwas ta isa Gummi. Wannan kwari, mai yalwar fadama da ruwa, na daga cikin hanyoyin da ayarin fatake ke bi a ƙarni na 18 da na 19 daga Kano da Katsina zuwa Jega da Yawuri, su ƙetare kogin Kwara su nufi Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, domin sayo goro. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu, a kan jakuna da takarkarai, kuma tafiya da dawowa kan ci watanni da yawa.

Gummi na da matsayi na musamman a wannan fatauci. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya buga littafi a kan fataucin goro a 1980, ya nuna cewa Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan rukunonin fataken goro uku tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka fara kafuwa kafin da yawansu su koma Kano. Sarautar garin ita ce Sarkin Mafaran Gummi, sunan da ke nuna alaƙarta da gidan Mafara na Zamfara. A wannan gari ne kuma aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992.

Fataucin ya ja baya ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka koma kawo goro ta teku zuwa Legas sannan a ɗora shi a jirgi, kuma a 1929 layin dogo ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau. Garuruwan da ke kan tsohuwar hanyar ayari suka rasa cinikinsu, wasu mutanensu suka tashi zuwa bakin sabbin hanyoyi, kamar yadda a wurare da dama zaman lafiya ya sa mazauna kan duwatsu suka sauko fili. Da yawa daga cikin kufaifan ƙasar Hausa ta haka suka samu, ba ta hanyar yaƙi ba.

Sunayen wurare na taimaka wa mai neman tsofaffin garuruwa. A zamanin da ba a kiran gari birni a Hausa sai yana da ganuwa, saboda haka sunaye irin su Birnin Tudu a ƙasar Gummi da Sabon Birni a ƙasar Anka shaida ce ta garuruwan da aka taɓa kewayewa. A Bukkuyum kuwa akwai tsofaffin garuruwa kamar Zauma da Zugu da Gwashi. Kudancin wannan yanki ya yi iyaka da ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, mazaunin Dakarkari, waɗanda suka shahara da ɗora tukwane da siffofin yumɓu a kan kaburburan manyansu. Wuri ne da Hausawa da maƙwabtansu na kudu suka daɗe suna cuɗanya ta kasuwa da aure, wani lokaci kuma ta yaƙi da kamun bayi.

Surame, birnin dutse

Wanda ke son ganin ganuwa da har yanzu take tsaye sosai, sai ya fita daga jihar Zamfara ya nufi Surame, yamma da birnin Sakkwato, a yankin Binji da Silame. Tarihinta ya haɗu da na Zamfara, domin ita ce hedkwatar Kabi, daular da Zamfarawa suka taimaka wajen karyawa.

Muhammadu Kanta ne ya gina Surame a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai. Abin da ya bambanta ta da akasarin biranen Hausa shi ne an yi amfani da dutse da marmara wajen gina ganuwarta, kuma ganuwar zobe-zobe ce, wata a cikin wata. Labaran gargajiya sun ce Kanta ya tara ma'aikata daga ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, kuma Nufawa da suka makara an tilasta musu kwaɓa ƙasa da man kaɗanya a maimakon ruwa. A farkon ƙarni na 18 aka bar birnin, fadar Kabi ta koma Birnin Kebbi.

A shekara ta 1964 gwamnatin Najeriya ta ayyana Surame a matsayin wurin tarihi na ƙasa, sannan a 2007 aka shigar da ita cikin jerin share fage na wuraren da ƙasar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Wuraren Najeriya da suka samu cikakkiyar amincewa su ne Sukur a jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005. A Jamhuriyar Nijar kuwa tsohon birnin Agadas, mai gine-ginen ƙasa, ya samu shiga a 2013.

Yadda ake gane kufai

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannu. A zamanin da, bayan kowace damina sarki kan tara jama'a aikin gayya a yi wa ganuwa yaɓe, kowace unguwa ko ƙauye da nata ɓangaren. Da zarar an daina wannan aiki, ruwan sama kan fara cin kan ganuwar, tubalan su narke su zube cikin ramin da aka haƙo ƙasar daga gare shi. Bayan shekaru ɗari ko biyu abin da kan rage shi ne dogon tudu mai lanƙwasa, da kwari a gefensa na waje. Inda tudun ya yanke, galibi nan ne ƙofa take, kuma sau da yawa hanyar da manoma ke bi a yau ta nan take ratsawa.

Itatuwa ma shaida ne. Inda aka ga kukoki da yawa sun taru a tsakiyar daji, da tsamiya a tsakaninsu, akwai alamar mutane sun taɓa zama, domin kuka itaciyar gari ce da ake bari saboda miya da igiya, kuma tana iya rayuwa shekaru ɗaruruwa bayan masu ita sun tashi. Sarƙaƙiya mai kauri a gefen tudu na iya zama ragowar ƙayar da ake dasawa a bayan ganuwa domin tare dawakin abokan gaba.

A ƙasa kuma mai lura zai ga tsingaro, wato fasassun tukwane, da duwatsun niƙa da suka lotsa, da kashin tama a inda maƙera suka narka ƙarfe. Ramuka masu zagaye da ke jere kusa da juna alama ce ta marina, kuma yawansu na nuna girman sana'ar saƙa da rini a garin. Kududdufai na nuna inda aka ɗebi ƙasar gini, tudun da ya fi sauran girma a tsakiya kuwa yakan zama gurbin fada ko masallaci. Wani lokaci manoma kan bar wani fili ba sa nomawa, kuma idan aka tambaya sai a tarar maƙabarta ce ko kushewar wani sarki ko malami.

Lokaci da ladubban ziyara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga watan Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin an girbe amfanin gona, ciyawa ta bushe, tudun ganuwa na fitowa fili, kuma sanyin hunturu na sauƙaƙa tafiyar ƙafa. Da damina, tsakanin Yuni da Satumba, dawa da gero kan rufe komai, rafuka su cika, hanyoyin ƙauye su lalace. Da bazara kuwa zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ta yi tsawo, aka fi ganin tudu da kwari.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Kufai ba dajin Allah ba ne, yana cikin ƙasar wani hakimi ko dagaci, kuma galibi gonar wani ce. Al'ada ita ce baƙo ya fara zuwa fada ya yi gaisuwa, ya bayyana abin da ke tafe da shi, a haɗa shi da wanda zai yi masa jagora. Yana da kyau a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane ko kaburbura, a guji taka kushewa, a kuma yi wa jagora ihsani daidai gwargwado. Wasu wurare ana danganta su da iskoki ko tsofaffin tsafe-tsafe, wasu kuma da waliyyai, kuma ko baƙo ya yarda da hakan ko bai yarda ba, abin da ya dace shi ne ya bi ƙa'idar masu wurin.

Doka a kan kayan tarihi

Dokar soja mai lamba 77 ta shekara ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta haramta haƙar kayan tarihi, ko cinikinsu, ko fita da su daga Najeriya ba tare da izinin hukumar ba.

Dokar ba ta hana ɓarna ba. A shekarun 1990 an yi ta haƙe siffofin yumɓu masu daɗaɗɗen tarihi a arewacin Najeriya ana kai su kasuwannin Turai da Amurka, abin da ya sa a shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya siffofin Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina a cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar haɗarin sata. Asarar ba ta tsaya a kan kayan kawai ba. Masu binciken ƙasa na gane shekarun abu ne daga zurfin da yake da kuma abubuwan da ke kewaye da shi, kamar gawayi da ƙasusuwa, saboda haka duk abin da aka tono a ɓoye ya rabu da tarihinsa ke nan. Ko tsingaro guda bai kamata mai ziyara ya sa a aljihu ba.

Tsaro da gubar dalma

Babban abin da ya raba matafiya da waɗannan wurare shi ne rashin tsaro. Tun daga farkon shekarun 2010 rikicin da ya faro da satar shanu da ramuwar gayya ya rikiɗe zuwa hare-hare a kan ƙauyuka da sace mutane domin kuɗin fansa. A watan Janairu na 2022 an kai wasu hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna yankin suka ce an kashe mutane kusan 200, gwamnatin jihar kuma ta ce 58 ne. Dubban mutanen ƙauyuka sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana kula da marasa lafiya a can. Yankunan Zurmi da Isa da Sabon Birni, inda Dutsi da Birnin Zamfara da Alƙalawa suke, na daga cikin waɗanda rikicin ya fi shafa. Gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun sha gargaɗin 'yan ƙasashensu da su guji zuwa Zamfara.

Kufaifai kuwa a daji suke, nesa da manyan hanyoyi. Saboda haka bai kamata kowa ya kama hanya ba sai ya ji ta bakin fada da jami'an tsaro da mutanen gari a ranar tafiyar, domin hanyar da aka bi lafiya jiya ba lallai ne a bi ta yau ba. Idan suka ce a dakata, to a dakata.

Matsala ta biyu ita ce gubar dalma. A shekara ta 2010 aka gano cewa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ya gurɓata ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, kuma yara fiye da 400 sun rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, na Bagega a 2013. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Mai ziyara, musamman wanda ke tare da yara, ya kamata ya nisanci wuraren niƙa da wanke duwatsu. Haƙar barkatai kuma barazana ce ga duk wani tsohon mazauni da ke kusa da ramukan.

Wanda bai samu damar zuwa ba na iya fara bincikensa a gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye rahotannin gundumomi na zamanin Turawa.

Darasi daga Angkor

Zamfara ba ita ce ƙasa ta farko da yaƙi ya rufe wa wuraren tarihi ba. Angkor, a ƙasar Kambodiya da ke kudu maso gabashin Asiya, ita ce cibiyar daular Khmer daga ƙarni na 9 zuwa na 15, kuma mafi shaharar gine-ginenta shi ne wurin bauta na Angkor Wat, wanda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina a ƙarni na 12. Yaƙin basasa da mulkin Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 da rikicin da ya biyo baya sun dakatar da aikin gyara na kusan shekaru ashirin, aka binne nakiyoyi a yankin, ɓarayi kuma suka riƙa sare kawunan gumaka suna sayarwa a ƙetare.

A 1992 UNESCO ta sanya Angkor cikin kayan gadon duniya da kuma jerin waɗanda ke cikin haɗari. Aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin jagorancin Faransa da Japan a 1993, da hukumar kula da wurin ta cikin gida a 1995. A 2004 aka cire shi daga jerin masu haɗari, kuma a ƙarshen shekarun 2010 baƙi 'yan ƙasashen waje fiye da miliyan biyu ke ziyartarsa a kowace shekara.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya fi kusa da Zamfara. A Angkor wuraren bauta ne aka gina da dutse da jan bulo, gidajen jama'a har da fadar sarki na katako ne, kuma sun ruɓe tuntuni. A 2012 masu bincike suka yi amfani da na'urar hasken lesa daga jirgi mai saukar ungulu suka auna ƙasar da ke ƙarƙashin kurmi, sai ga layukan tituna da tafkuna da tudun gidaje sun bayyana. Wannan ya nuna cewa birnin da gine-ginensa suka shuɗe ana iya gano tsarinsa daga tudu da kwari, kuma a ƙasar Hausa, inda daji ba shi da duhu, hotunan tauraron ɗan Adam kan nuna zoben tsohuwar ganuwa ba tare da an taka wurin ba.

Bambancin shi ne dutsen Angkor ya iya jiran ƙarshen yaƙi, ginin ƙasa kuwa ba ya jira. Haka ma dattawan da suka san sunan kowace ƙofa da kowace kushewa, da yawansu sun bar ƙauyukansu, suna zaman gudun hijira a Anka da Gummi da Gusau da Sakkwato. Ɗaukar bayanansu a rubuce ko a faifai, da auna kufaifan daga hotunan sama, ayyuka ne da jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya da kuma masarautun yankin za su iya yi tun kafin hanya ta buɗe. Abin da mai ziyara zai tarar a Dutsi ko Kiyawa ko Birnin Zamfara a ranar da tsaro ya dawo ya danganta ne da yawan abin da aka adana kafin wannan rana.